Godiya ga Garejin da Ya Gyara Mini Motar Gona

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Maigareji da yaransa baki ɗaya, a wajen Abbatuwa ta Oko-Oba, Agege.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Malam, na so in zo in yi maka godiya baki da baki, amma na san halinka, za ka ce ai aikinka ka yi, ka miƙo mini shayi, maganar ta wuce. Shi ya sa na rubuta ta a inda 'yan'uwanmu mazauna Legas za su gani, domin yabon gwani ya zama dole.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, ina da wurin kiwo a wajen Epe, inda muke turke shanu da raguna. Daga bakin titi zuwa garke akwai 'yar tafiya, rabinta rairayi ne mai cin taya, rabinta kuma fadama. Da rani a lallaɓa. Amma daga watan Afrilu zuwa Yuli, in sama ta buɗe, ko motar a-kori-kura ba ta shiga, sai yara su ɗauki buhunan dusa da harawa a ka. Wannan ya sa na sayi ƙaramar motar dajin nan ta tokumbo, wadda direba da mutum ɗaya ke zama kafaɗa da kafaɗa, ga akwatin kaya a baya. Irin su Polaris Ranger da Kawasaki Mule da Can-Am Defender nake nufi, waɗanda manoman Amurka da Kanada ke yawo da su a gonakinsu.

Laifin farko nawa ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga tayoyinta sun yi mini ƙanana, sai na sa aka cire masu inci 26 aka ɗaura masu inci 30, don kawai na gani a bidiyo sun yi kyau. Cikin damina ɗaya na ƙona bel biyu, wato bel ɗin da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi. Motar ta koma kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi, injin na kuka, ita kuwa tana jan ciki. Da na ɗoro ta a bayan babbar mota ta hanyar Ikorodu na kawo maka, abin da na zo nema shi ne a taɓa kwamfutar injin a ƙara mata ƙarfi, a sa mata salansa mai ruri. Da kuɗina a aljihu na zo.

Ba ka karɓa ba. Ka ce in zauna, ka sa yaro ya buɗe murfin kulocin, ka nuna mini baƙin garin roba da ya taru a ciki, ka ce in sunsuna. Sannan ka yi mini bayanin da ban taɓa ji daga kowa ba. Ka ce motar nan ba irin giyar da muka saba gare ta ba, faifai biyu ne da bel a tsakaninsu, ɗaya na matsewa ɗaya na buɗewa gwargwadon gudun injin. Kamfani ya auna nauyin ƙarafunan cikin kulocin da ƙarfin sifirin ɗinsa ne da girman tayar da ya sa mata. Da na ƙara girman taya, tamkar na tilasta mata tashi a babbar giya ne kullum, bel ya riƙa zamewa yana zafi har ya ƙone. Ka ce da na ƙara wa injin ƙarfi a kan wannan, da bel na uku ma bai kai Babbar Sallah ba. Wallahi na ji kunya, amma irin kunyar da mutum ke gode wa wanda ya sa shi ita.

Abin da kuka yi mata a ƙarshe bai kai rabin abin da na yi niyyar kashewa ba. Kun sauko da tayoyin zuwa inci 28, masu manyan haƙora da ke yar da laka da kansu in suna juyawa. Kun canja ƙarafuna da sifirin na kulocin zuwa waɗanda suka dace da tayar da kuma lodi. Kun ɗago bututun shaƙar iska na injin da na gidan bel zuwa sama, daidai bayan kujera, saboda a da ruwa kaɗan ya shiga gidan bel sai ta tsaya tana kuka ba ta motsi. A nan ma ka ja mini kunne, ka ce: "Alhaji, bututu muka sa mata, ba mu mayar da ita kwalekwale ba." Har yanzu in yarana suka tunkari ruwan da ba su san zurfinsa ba, wannan maganar nake maimaita musu.

Na so a ɗaga ta sama da inci biyu ko uku, ka hana. Ka ce ɗagawar tana karkatar da shaf ɗin tayoyi su riƙa cin kansu, kuma motar da ke ɗaukar buhuna in ta yi tsawo ba ta da wuyar kifewa a gangare. Maimakon haka kuka shimfiɗa mata faifan roba mai kauri a ƙarƙashi, wanda ke sulɓewa a kan kututture. Da farko na raina shi, ina ganin ƙarfe ya fi, sai da na ji ta hau guntun kwakwar manja ta wuce ba tare da ta maƙale ba.

Sai na'urar jan igiya da kuka ɗaura a gaba, mai jan fam 4,500, wato kusan tan biyu. Ka zaɓa mini mai igiyar zare maimakon ta waya, saboda iskar bakin ruwa ta Legas ba ta barin ƙarfe da lafiya, kuma in ta tsinke ba ta yin bulala kamar waya. Ban yi zaton zan yi amfani da ita sosai ba. Ran nan wani bijimi ya nutse a fadama har ƙirji, muka rasa yadda za mu yi. Da ita muka fito da shi a hankali, bayan mun naɗa masa faffaɗan ɗamara, ya tashi da ƙafafunsa. Kuɗin bijimin nan kaɗai ya biya aikin har da riba.

Dole in ambaci yaranku. Wanda kuka tura kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo neman bel ya dawo da canjina cif, da takardar shaida, ya kuma nuna mini yadda ake bambance na asali da jabu. Ƙaramin cikinsu ya bi ni har Epe ranar gwaji, a cikin cunkoson manyan motoci, ya zauna da direbana ya koya masa abubuwan da sai mai haƙuri: in da lodi ko tafiyar hawainiya a sa ƙaramar giya, a rage iskar taya in za a shiga rairayi, a wanke lagireto duk ranar da aka shiga laka kafin ta bushe ta toshe shi, a kuma ɗaura ɗamarar kujera ko da tafiyar minti biyar ce. Ya ƙi karɓar abin da na ba shi sai da na kira ka a waya.

Ƙorafina ɗaya, kuma na faɗa maka a gabanka: kayan kulocin sun daɗe kafin su iso, har na fara ƙunƙuni. Amma tun ranar farko ka ce mini daga waje za su zo, ba ka yi mini alkawarin gobe ko jibi ba, kuma duk mako kana kira kana sanar da ni inda aka kwana.

Yanzu mun ƙetare damina guda da bel ɗaya, ga wani a ajiye ƙarƙashin kujera kamar yadda ka ce. Yaran da ke dakon dusa a ka sun huta. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci sana'arku, Ya jiƙan magabata. In Allah Ya kai mu Babbar Sallah, akwai rago ɗaya mai baƙin kunne da na ware, kuma wannan karon ba zan saurari wani uzuri ba.

Wassalam.

Naka,
Mai kiwo a Epe, mazaunin Agege