A fara da bindigar iska

Edita, assalamu alaikum.

Ɗana ya nuna mini bidiyon wata gasar harbi ta Amurka a wayarsa, inda mutum ɗaya ke harbi da bindiga iri uku: doguwa, da fistol, da mai watsa harsashi, agogo na ƙirga masa lokaci. Rukuni-rukuni ne. Akwai wanda aka yarda a ɗora wa bindiga kowane irin madubin hange, akwai wanda ake saiti ba madubi mai kusanto da abu. Ni na biyun ya fi kwanta mini, domin nan ido da numfashi ke koyon aiki, kuɗi ma bai kai ba.

Amma doguwar da suka fi riƙewa, AR-15, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta sakar wa farar hula irinta ba, kuma da halin da muke ciki a Kaduna ban ga laifin hakan ba.

Roƙona ga masu kula da wasanni na jiha: a ware ɗaki ɗaya a filin wasa na Ahmadu Bello don bindigar iska. Tazarar mita 10 ce kawai, harsashinta milimita 4.5, kuma har a gasar Olamfik ana yin ta. Ɗan nan nawa, hannunsa ba ya rawa ko zare zai sa a allura.

Mai karatunku,
Tudun Wada, Kaduna