Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Horon Da Ake Yi Wa Yaranmu Masu Nakasa A Makaranta

Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da biyayya, Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya iya maka da talakawanka. Mu iyaye da masu riƙon yara kurame, guragu, makafi da masu farfaɗiya da ke firamaren garin nan ne muka durƙusa da kukanmu. Ba mu so a ce sai an ɗora alƙalami a takarda ba, ranka ya daɗe, amma tura ta kai bango.

Ranar Litinin da ta wuce, bayan an tashi daga asambili, malamin horo ya kira wani yaronmu ɗan aji huɗu ta baya. Yaron kurma ne, kowa ya sani, tun daga mai gadi har masu tallar awara a bakin ƙofa. Da bai waiga ba, sai aka ce raini ne. Aka tsula masa bulala, aka sa shi kamun kunne a rana har aka fita tara. Kunnen da bai taɓa jin komai da shi ba, shi aka ce ya riƙe. Da mahaifiyarsa ta cire masa riga da yamma, ta tarar da rigar ta manne da bayansa, sai da ta jiƙa ta da ruwan ɗumi. Ya yi ta nuna mata da hannu yana tambayar me ya yi, ita ma ba ta da amsa. Washegari aka ce kada ya sake zuwa sai an neme shi. Babu takarda, babu ranar dawowa. Da mahaifinsa ya je, cewa aka yi: "Ku kai shi makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, nan ba wurinsu ba ne."

Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne na farko ba. Yarinyar da shan-inna ta taɓa, wadda ke tuƙa kekenta cikin rairayi, an sha tsare ta a layin 'yan makara. Mai farfaɗiya kuwa an sallame shi wai kada ya shafa wa sauran, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya. Mun je wurin hedimasta, mun faɗa a taron iyaye da malamai, mun aika dattawa, mun rubuta, har mun manta sau nawa. Kullum sai a ce a yi haƙuri za a duba.

Ba mu ce kada a tsawata wa yaranmu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma akwai doka. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Wanda ya nuna bambanci, tarar Naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Jiharmu ta Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023. A makarantar nan ko mutum ɗaya babu mai iya maganar hannu. To da wane harshe aka gaya wa yaron laifinsa? A Amurka, idan za a dakatar da irin wannan yaro fiye da kwana goma na karatu, dole a zauna da iyayensa a tantance ko lalurarsa ce ta jawo abin. Mu ko zaman awa ɗaya muka samu, mun gode.

Roƙonmu, Allah ya taimake ka, ka sa baki a mayar da yaron aji cikin makon nan, a kuma duba bayansa a asibiti ba da kuɗin mahaifinsa ba. Ka kira hedimasta da Sakataren Ilimi da kwamitin makaranta a gabanka, mu ma muna zaune, a rubuta ƙa'ida: ba duka, ba kamun kunne, ba tsallen kwaɗo ga yaro mai lalura, kuma ba a korar sa da fatar baki sai an kira iyaye an ba su takarda mai dalili da ranar dawowa. A nemo mana malamin kurame ko da na aro ne. A ɗaga wa guragu ƙafa a kan makara. Malamin horon nan kuma, ba mu nemi a raba shi da abincinsa ba, amma a karɓe bulalar daga hannunsa.

Wasu cikinmu sun so a wuce wurin 'yan sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, dattawa suka ce ba a tsallake uba. Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a fara mayar da yaron nan, domin kullum da safe sai ya sa inifom ɗinsa ya zauna a zaure.

Allah ya ƙara wa Hakimi girma da ɗaukaka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara masu nakasa na garin nan. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu na bayan takarda.