Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Uwa Direbobi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa abokan sana'a. Ga abin da muka yi a bana, da abin da ya gagara.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage. An yi gaisuwar ta'aziyya da dubiyar marasa lafiya duk inda labari ya iso mu.

Zan fara da kuɗin wata, domin duk wani abin da ya tsaya a bana daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Na bi mutane a tashar Kawo a nan Kaduna, na bi su Mando, na tsaya bakin mota ana lodi da littafi a hannuna, a ce mini "sai na dawo daga Zariya". Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direba kan yini a hanya ya fitar da balas da kuɗin mai, abin da zai kai gida bai taka kara ya karya ba. Amma waɗanda suka biya ai a gidan mai ɗaya muke shan mai da su.

Saboda haka masu tambayar ina aka kwana kan na'urar ƙayyade gudu, ga amsa. Mun yi niyyar sayowa da yawa a lokaci guda don a samu rangwame, tunda tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, take tilasta wa motocin haya sanya ta. Mai sayarwa ya nemi kafin alƙalami, asusu bai kai ba, kafin mu tara farashi ya tashi. Ba a ci kuɗin kowa ba. Wanda ya ba da nasa, sunansa da adadinsa suna rubuce, littafi kuma a buɗe yake. Haka rufin rumfarmu: an sayi katako, kwano ne ya rage, damina ta same mu a haka. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Kwamiti ba ya buga kuɗi, 'yan uwa.

Sai asusun agaji. An kafa shi ne don wanda tsautsayi ya afka wa, amma a bana yawancin abin da ya fita tara ce ta laifin da mutum ya jawo wa kansa: gudun wuce ƙima, obalodi, waya a kunne, lasisin da ya mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu kirana da daddare cewa an riƙe musu mota, akasarinsu ba su da ko wata uku a littafi. Kwamiti ya yanke shawarar da zan karanta a ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai, wato taron wayar da kai da muka yi gab da shiga watannin ƙarshen shekara, lokacin da hanya ke cika. Alhamdu lillahi, ban taɓa ganin rumfarmu ta cika haka ba. Benci ya ƙare har aka shimfiɗa tabarmi, yaran mota suka hau kan tayoyi suna saurare. Jami'in hukumar da muka gayyata ya yi bayani da Hausa tsantsa, lauyan da ya zo kyauta kuma ya zauna har la'asar yana amsa tambayoyi.

An tuna mana iyakar gudu: kilomita 50 a awa cikin gari, tasi da bas 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Zariya. Ƙaramar mota ta gida ce ke da 100 a tagwayen hanya. Wani dattijo cikinmu ya ce fasinja ne ke matsa wa direba, sai aka ɗauko alli aka yi lissafi a jikin allo. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. A gudun 90, minti 53. A gudun 120, minti 40. Minti 13 ke nan, bai kai tsawon lokacin da mutum ke ɓatawa yana jiran fasinjan ƙarshe ba. Wurin ya yi tsit.

Jadawalin tara na dokar hukumar ta 2007 ya nuna gudun wuce ƙima naira 3,000, amsa waya 4,000, rashin ɗaura bel 2,000, obalodi 10,000, matsalar lasisi 10,000, tuƙin ganganci kuwa 50,000. Kowane laifi yana da maki da ake rubuta wa lasisi. Ana biya ne ta Remita, tsarin biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, a banki ko ta waya, a karɓi rasit, ba a hannun kowa ba. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da damar zuwa kotu, kuma akwai kotun tafi-da-gidanka da kan zauna a bakin hanya. Cikin gari kuma akwai dokar jiha da jami'an KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Kaduna, ke kula da ita, tararta daban ce.

Maganar lauya ce ta fi shiga jikin mutane. Ya ce 3,000 ɗin nan ita ke ruɗin direba, yana ganin lodi ɗaya zai mayar. Amma in gudun ya zama sanadin rai, an bar maganar tara, an koma ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ga mota a tsare, ga iyalan mamaci, ga naka iyalan babu mai ciyarwa. Duk mun san ɗan uwanmu da shari'arsa ke gudana tun bara, mun kuma san yadda gidansa ya koma. Allah Ya kawo masa mafita.

Daga nan aka fita wajen motoci. Jami'in ya durƙusa ya goge gefen taya da tsumma, ya nuna lamba huɗu da ke jiki: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Nan take kowa ya ruga motarsa yana dubawa, wasu da shekara ashirin a sitiyari ba su taɓa sanin wannan ba. An kuma sa kowa ya ajiye lambar gaggawa 122 a wayarsa. Muna godiya ga matan 'yan ƙungiya da suka dafa abinci, da wanda ya ba da aron lasifika bai karɓi ko kwabo ba.

Abin takaici, waɗanda aka shirya taron dominsu su ne ba su zo ba. Wasu suna tasha a lokacin, ana jiyo lasifika daga inda suke zaune. Kafin wata ya zagayo biyu daga cikinsu sun kira ni kan takardar tara.

Ga shawarar kwamiti. Daga sabuwar shekara asusun agaji ba zai biya tarar gudu, waya ko obalodi ba. Wanda ake bi bashin sama da wata uku ba zai ci moriyar asusun ba sai ya biya. Kowa ya kawo kwafin lasisinsa don mu riƙa tuna masa kafin ya mutu. Maganar na'ura da kwano za a sake ɗauko su a taron farko, ranar Asabar bayan azahar. Zan iso da littafi tun ƙarfe sha biyu, mai bashi ya same ni kafin a zauna.

Wassalam.
Ma'ajin ƙungiya