Kuɗin lasisin injiniyoyin gini: kukan wani magini daga Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka da masu karatu. Don Allah a ba ni fili in yi magana a kan kuɗin da injiniyan gini ke biya kafin a ba shi izinin sa hannu da buga hatimi a kan zanen gini. Ni ba injiniya ba ne. Magini ne ni, ɗan magini. Na fara da kwaɓa ƙasa a bayan mahaifina cikin Birni, daga baya na koma aikin siminti, yau shekara 34 ke nan ina riƙe da cokalin gini. Wani zai ce ina ruwan magini da kuɗin da ake karɓa a hannun injiniya. Ruwana a ciki shi ne, ni da yarana ne ke tsaye ƙarƙashin dal, wato rufin kankare, ranar da za a cire katakon da ya tokare ta.

Ɗan ƙanwata ya yi karatun injiniyan gine-gine a Yamai, shekara 5 bayan ya ci jarrabawar bak. Uwarsa ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya har ya gama. Ya dawo da takardarsa, kuma na gwada shi a shantiye, wato wurin aikin gini, na ga ya san abin da yake yi. Yana duba ƙasa kafin ya duba takarda. Yana iya gaya maka ƙarfe nawa ginshiƙi ke bukata da dalilin da ya sa. Amma har yau ba ya iya buga hatimi a kan lissafin da ya yi da hannunsa, saboda bai kai ga biyan abin da ake nema ba. Mutane suna zaton kuɗi ɗaya ne ake biya a wuce. Ba haka ba ne. Akwai na shiga sahun ƙwararru, akwai na kowace shekara, sannan in zai buɗe ofishinsa sai rajistar kasuwanci da lambar haraji da fatanti da inshora, ga kuɗin tabbatar da kowace takarda ɗaya-ɗaya. Takardar kotu ta shaidar rashin laifi wata 3 kawai take yi ta mutu. Kafin ya tara kuɗin wannan, waccan ta lalace, sai a koma farko. A kan wannan duka ga hanya: tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a cikin mota, ga masauki da abinci, kuma ba a cika gama komai a zuwa ɗaya ba. Yaron da aka haifa a Yamai ya hau kabu-kabu ya je ya dawo kafin azahar. Namu sai ya ci bashi. A takarda kuɗinsu ɗaya, a aljihu ba ɗaya ba ne.

Yanzu da safe yana taya wani abokinsa tsaron shago a kasuwar Dole, da yamma yana yi wa wasu lissafi a kwamfutarsa, su kai wa mai hatimi ya buga, a ba shi abin da aka ga dama.

Wannan hayar hatimi ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. Wani Alhaji, mutumin kirki, na jima ina yi masa aiki, ya kira ni ya ce yana son a ɗora bene a kan gidansa. Na san gidan, domin ina nan aka gina shi. Ginshiƙansa sirara ne, ƙarfe huɗu-huɗu mai kaurin milimita 10, an yi su ne don su ɗauki rufin kwano, kuma tushen bai yi zurfi ba. Na tafi da yaron. Ya sa aka tona gefen tushe, ya auna, ya kwana yana lissafi. Da safe ya ce mini, "Kawu, wannan gida ba zai ɗauki bene ba sai an ƙara ginshiƙai an faɗaɗa tushe." Muka je muka faɗa wa Alhaji. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ɗan naka yana da hatimi?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce to shi ya samu wanda yake da shi. Bayan mako guda ya nuna mini zane da hatimi da sa hannu. An aika hoton gidan ta WhatsApp, an aika kuɗi ta waya, zane ya dawo. Mai hatimin bai taɓa taka unguwar ba.

Na ba Alhaji haƙuri na ce ba zan yi aikin ba. Wani ya yi. Damina ɗaya ta wuce, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ɗaya ta daina rufuwa. Yanzu an tokare wani ɗaki da ƙarafa, kuma akwai yara suna kwana a gidan. Duk ranar da hadari ya haɗu da dare sai gidan ya faɗo mini a rai.

Masu karatu da ba su san aikin ba, ku duba wannan. Dal, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke ce wa dakin, in kaurinta santimita 15 ne, kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 375. Ɗaki mai mita 4 da 4 ke nan tan 6 ne a saman kanka, nauyin buhun siminti 120, tun kafin a ɗora bango ko gado ko mutum. Ƙa'idar kankare mai ƙarfe buhun siminti 7 ne a kowace mita kubik, amma mai gida zai ce a sa 5. Kankare yana son kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika, kuma yana son a riƙa shayar da shi ruwa a kwanakin farko. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram lokacin bazara, ana saye a hannun 'yan ga-ruwa, don haka shayarwar ce ake fara ragewa. Sannan ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Nan dutse ne, ka haƙa kamu biyu ka tarar da shi. Can rairayi ne. Gaba kaɗan tsohon kududdufi ne da kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini a ciki, aka cike shi da shara aka yanka fuloti. Zanen da ya dace da fili ɗaya yana iya zama ajalin mutane a fili na kusa da shi. Wannan ba abu ne da ake gani a hoto ba. Sai mutum ya zo ya tsaya, ya sa a tona, ya dawo ranar zuba kankare ya ƙirga ƙarfe.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a soke lasisi ba, ban ce a daina karɓar kuɗi ba. Tun kafin zuwan Nasara muna da Sarkin Magina, kuma ba kowa ke ɗaukar ginin soro ko ɗaurin guga ba sai wanda manya suka yarda da hannunsa. Mahaifina ya sha gaya mini cewa maginin da rufinsa ya faɗi ba ya sake ɗaga kai a gari. Lasisi shi ne wannan tsari a zamanin yau: mutum yana da abin da zai rasa in ya yi ha'inci. Nijeriya ta kafa hukumarta ta COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista da kula da aikinsu, tun 1970 saboda haka. Kuma mun ji abin da ya faru a Ikoyi ta Legas a farkon Nuwamban 2021, da bene mai hawa 21 ya rufta ya kashe mutum fiye da 40. Kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da lissafin ginin ya riga ya rubuta takarda ya janye hannunsa tun kafin abin ya faru. Mai suna da lasisin da yake tsoron ɓatawa shi ke iya cewa a'a.

Abin da nake kuka da shi shi ne yadda kuɗin ya zama katanga ga masu ilimi marasa hali, ya zama jari ga wanda ya riga ya shiga. Na ji wasu manyan injiniyoyi suna cewa in an sassauta, kowane tarkace zai shigo. Ina girmama su, amma kuɗi ba ya tace gwani. Jarrabawa ce ke tacewa, da shekarun da yaro zai yi yana aiki ƙarƙashin babba. A tsananta waɗannan yadda ake so. Amma sabon injiniya a bar shi ya biya kaɗan a shekarunsa na farko, ko a riƙa cira daga kowane aiki da ya samu, kuɗin ya girma tare da shi. Kuma a ce mutum yana iya ajiye takardunsa ya biya a nan jiharsa. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har zuwa 1926, garin da ke da jami'arsa, bai kamata ɗansa ya kwana a hanya don a buga masa takarda ba.

Sannan wanda ya biya yana da haƙƙin ya ga amfanin kuɗinsa. Ni a shekaruna na shantiye na gidajen talakawa da 'yan kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambaya ko mai hatimin nan ya taka wurin ba. Da wani kaso na kuɗin zai koma ga masu zagayawa suna duba gine-gine, da za a liƙa sunayen masu lasisi a ofishin magajin gari inda kowane mai gida zai gani, da za a karɓe hatimin duk wanda aka kama ya sa hannu a ginin da bai gani ba, to ko an ƙara kuɗin ma masu gaskiya ba za su yi gunaguni ba.

Masu gidaje ma da nasu laifin. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da fenti da ƙofar ƙarfe mai ado, amma jika kaɗan na injiniya yana ganin asara ce.

Abin ya fi damuna tun daminar 2024. A farkon Satumba na shekarar tsohon masallacinmu na Birni, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama, muka tsaya muna kallo hawaye na zuba. Gidajen ƙasa masu yawa sun bi shi. Gwamnati ta rage farashin siminti, Allah ya saka, kuma tun daga nan duk wanda ya samu hali yana komawa bulo da dal. Bangon ƙasa yakan jiƙe ya tsage ya ba ka alama. Dal da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba tana iya saukowa gaba ɗaya a lokaci guda. Yanzu ne muke bukatar injiniyoyi a cikin unguwanni, masu araha, 'yan gari, waɗanda za a iya buga wa ƙofa in an ga tsaga. Muna da su, suna zaune a shagunan kasuwa.

Takardar kotun ɗan ƙanwata ta uku za ta mutu a ƙarshen wata mai zuwa. Na ware masa kuɗin mota daga aikin katanga biyu da na yi, uwarsa kuma ta shiga adashi. Ina roƙon waɗanda wannan al'amari ke hannunsu, in sun karanta, su ba mu amsa a wannan shafi, za mu karanta.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani magini,
Unguwar Zango, Damagaram.