Mutumina, ga abun da ya ɓoye ni wata uku

Assalamu alaikum mutumina,

Kafin ka fara min ƙorafi na sani, wata uku kenan bance maka uffan ba, saƙonka na ƙarshe ma na karanta nace zan amsa da daddare, sai gashi sai yau. Ka yafe min. Ya jikin Umma, ta warware kuwa? Ka gaishe min da ita sosai. Akwai tambayar da zan maka akan takardun nan da kace zaka turo, amma bari in fara sauke abun dake raina tukuna.

Kasan a wajen aiki ni aka damƙawa rajistar ɗalibai, kuma duk a Excel take, fayil ɗaya ƙato da kowa ke buɗewa ya rubuta abunda ya ga dama. Duk sanda ɗalibi ya ɗauki sabon kwas sai a sake rubuta sunansa da lambar wayarsa a sabon layi. To akwai wata yarinya da ta fito a layi bakwai, ta canza lamba, aka gyara a wuri biyu aka bar biyar, da aka matso da ranar jarrabawa saƙon ya tafi tsohuwar lambar. Bata zana ba. Wallahi ranar da ta zo tana kuka na rasa inda zan sa kaina, don babu wanda yayi da gangan, tsarin ne ya ci amanarta. A daren na fara karatun rumbun bayanai, databes ɗin nan da kake ta min maganarsa tun bara ina ce maka ba yanzu ba.

Abun farko da ya zauna min shine rumbun daban, manhajar dake tsaronsa daban. Bayanan suna kwance a ajiye, ita manhajar, irinsu PostgreSQL ko MySQL ko Oracle, ita ce mai gadi, babu mai karantawa ko rubutawa sai ta hannunta, kuma in ka kawo abun da ya saɓa ƙa'idar da aka gindaya mata sai ta ƙi karɓa. Excel kuwa duk abunda ka bashi haɗiyewa yake. Ni bana kushe shi, wajen lissafi babu kamarsa, amma bai kamata a ɗora masa amanar mutane da yawa ba.

Mutumin da ya burge ni shine Edgar Codd, ɗan Ingila ne masanin lissafi da yayi aiki da IBM a Amurka. Kafin shi ana jera bayanai ne kamar rassan bishiya, irin manhajar IMS da IBM ta fitar a 1968 don lissafin kayan kumbon Apollo, in kana son wata sabuwar tambaya sai mai rubuta manhaja ya zauna ya zana hanyar da za'a bi reshe reshe. A 1970 Codd yace a zuba komai a tebura, layi da ginshiƙi, a haɗa tebur da tebur da lambobin dake cikinsu, kai dai ka faɗi abunda kake so, injin ya nemo hanyar da kansa. Akan wannan ne Chamberlin da Boyce, ma'aikatan IBM, suka fito da SQL, yaren da ake yiwa rumbu tambaya da umarni dashi, a 1974, lokacin sunanta SEQUEL, kuma Oracle ta riga IBM ɗin kaita kasuwa a 1979. Kuma kasan akan me Codd ya gina abun? Lissafin set! Darasin nan da kake kifa kai a benci kana minshari har malam ya jefe ka da alli, yau shine ke ciyar da kai, sai ka nemi gafararsa.

Na raba fayil ɗin gida uku, teburin ɗalibai, teburin kwasakwasai, da teburin rajista. Kowane ɗalibi na bashi lamba tasa shi kaɗai, bata maimaituwa kuma ba'a barinta fanko, ita ce babban makulli. A teburin rajista babu suna babu waya, lambar ɗalibi ce kawai da lambar kwas, kuma in ka saka lambar da babu mai ita manhajar bata yarda. Yanzu lambar wayar kowa a wuri ɗaya tal take, ka gyara sau ɗaya ta gyaru ko'ina. Da haka abun yake tun farko da yarinyar nan ta zana jarrabawarta, wannan tunanin har yau bai bar ni ba.

Af, kaji dogon namu ya ajiye aikin can ya koma karatu? Ni a bakin ƙaninka naji, yace kai ka zuga shi. In gaskiya ne ka kyauta, don mutumin nan ya daɗe yana cutuwa a wajen, kuma kai kaɗai yake jin maganarka.

To makon jiya ne hantata ta kaɗa. Zan gyara lambar wayar mutum ɗaya, na rubuta UPDATE, umarnin canza bayani, na manta ban sa WHERE ba, wanda ke faɗin layin da za'a taɓa, sai manhajar ta rubuto min adadin layin da ta canza, maimakon 1 sai naga duka ɗaliban makarantar, kowa ya koma lamba ɗaya. Allah ya taimake ni na fara da BEGIN, wanda ke riƙe aiki kafin a tabbatar dashi, na buga ROLLBACK mai warware shi hannuna na rawa, komai ya dawo yadda yake. Anan na gane dalilin da yasa ake ɗaure aiki ya zama dunƙule ɗaya, ko ya kammala duka ko kar ya faru sam. Kamar tura kuɗi ne, a cire a asusunka a saka a nawa, in wuta ta ɗauke a tsakiya bai yiwuwa a ce an cire ba'a saka ba. Dabarar itace manhajar tana fara rubuta abunda zata yi a wani kundi na daban kafin ta taɓa ainihin bayanan, in na'ura ta mutu ta tashi sai ta duba kundin, abunda aka kammala ta tabbatar dashi, wanda aka bari a rabi ta warware shi. Haka in mutum biyu suka nemi gurbi na ƙarshe a aji a lokaci guda, ɗaya ne zai samu. Na saka fihirisa ma akan sunaye, irin na bayan littafi, neman suna ya koma ƙiftawar ido, sai dai kowace fihirisa tana ɗan rage saurin rubutu shi yasa ban cika su ba. Kai wayar dake hannunka ma akwai SQLite a cikinta, ƙaramar manhajar rumbu ce da ta fito tun 2000.

Damuwata yanzu kwafin ajiya ne. Ina ɗauka kullum da yamma, amma ban taɓa gwada dawo da rumbun daga kwafin ba, kuma hankalina bazai kwanta ba sai naga ya tashi a wata kwamfutar da idona. Ga tebur na huɗu na biyan kuɗi, na kasa yanke ko in ɗaura shi da ɗalibi ko da rajista, tunda wasu kashi kashi suke biya, kuma mutum ɗaya kan biya kwas biyu a tare. Don Allah daren Asabar ka kira ni in nuna maka zanen, kai ka fini ido a wannan.

Naka har kullum,
abokinka