Kafin ka jona wa diril mai batir wutar NEPA

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kafintoci da masu haɗa tagogin alminiyam, kan wata dabara da ake yayi, wadda sai da ta ci mini diril guda kafin na gane kanta.

Duk mai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya san diril ɗin gwanjo marasa waya, su Makita da DeWalt da Bosch, jiki garau amma batir ya mutu murus. Sabon batir kuwa wani lokaci ya fi kuɗin injin. Wasu kuma cajarsu ta Amurka ce, mai ɗaukar wuta bolt 120, kana soka ta a soket ɗinmu na 230 sai ƙauri. Shi ya sa mutane suka koma cire batirin suna jona waya.

Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a wurina ya ji labari. Ranar da na tafi ɗaurin aure ya yanko wayar tsohuwar fanka, ya ɗaura a ƙarafunan da batir ke zama, ya soka a bango. Na dawo na tarar da shago ya turnuƙe da warin roba, shi kuma yana rakuɓe a bakin ƙofa yana cewa, "Kawu, wallahi sau ɗaya na danna." Allah ne Ya tsare hannunsa. Injin da aka ƙera don wutar batir ta DC mai bolt 18, ka ɗura masa wutar soket ta AC mai bolt 230, me kake jira?

Ni ma ban tsira ba. Na ɗauko cajar laftof, na ga an rubuta bolt 19, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A iska diril yana juyawa gwanin sha'awa. Ina kafa shi a katakon maɗaci, ɗif, ya tsaya. Sai da wani mai gyaran rediyo ya nuna mini ƙananan rubutun bayanta: amfiya 4.74 kacal, wato yawan wutar da take iya bayarwa ke nan. Diril kuwa idan ya ciji katako mai tauri yakan ja amfiya 20, har fiye. Yawancinmu bolt muke dubawa, alhali rigimar a amfiya take.

Abin da ya yi mini aiki shi ne akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, da diril mai bolt 12. Wayoyin akwatin masu ruwan ɗorawa su ne fosetif mai bolt 12, baƙaƙe su ne nagetif, koriyar kuma sai ka haɗa ta da baƙa kafin akwatin ya tashi. Ka duba takardar jikinsa, ka zaɓi mai amfiya 18 ko sama a layin bolt 12, ka murɗe masu ruwan ɗorawa uku ko huɗu wuri guda. Na sa waya mai kauri 2.5, tsawonta bai wuce mita 3 ba, domin siririya zafi take yi, ƙarfin ya zube a hanya. Na sa fiyus na mota, na bi da wayar ta cikin kwankon tsohon batirin. Kada ka juya fosetif da nagetif, makunnin zai iya ƙonewa. Kuma kada ka buɗe akwatin, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.

Diril mai bolt 18 kam ban ba da shawara ba. Akwatin da zai ciyar da shi tsada gare shi, wasu sababbin ma suna da ƙarfe na uku da ke tantance batir, waya biyu ba ta tashe su. Gara ka kai kwankon wurin mai gyara: ƙwayoyin batir biyar ne a ciki masu lamba 18650 a jere, kowace bolt 3.6, masu manyan batir goma, a canza su da masu kyau, ba ragowar na laftof ba.

Abin dariyar, injin da aka yi don ya raba ka da jiran wuta, mun mayar da shi yana jiran NEPA. Don haka na ƙara wa nawa maƙalai biyu, in an ɗauke sai in maƙala shi a batirin solar shago in ci gaba da ɗaure sukurori. Shi kuwa yaron, har yau ana cire masa kuɗin diril ɗin farko daga kuɗin sallamarsa na Alhamis.

Naka,
Wani kafinta daga Kurna, Kano.