Masu Karnukan Gadi, a Kula da Fiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin masu karnukan gadi da 'yan'uwanmu mafarauta. Idan fiya ta sauka kasuwar Muda Lawal daga Jos, gidaje da yawa ragowarta a gaban kare take ƙarewa.

'Yar tsokar fiya ba ta kashe kare, sai dai in ta yi yawa maiƙonta kan sa shi amai da gudawa. Abin tsoro ƙwallon ne. Kare ba ya tsayawa taunawa, haɗiyewa yake yi, in kuwa ya maƙale a hanji, sau da yawa sai an yi masa tiyata.

Abin da ya fi damuna shi ne kwaɗon fiyar nan na mutanen Meziko, guacamole, da 'ya'yanmu mata suka koya a intanet. Albasa ake zuba masa, wasu har da tafarnuwa, kuma dukkansu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe. Cutar ba ta nunawa nan take. Sai bayan 'yan kwanaki ka ga ya yi laƙwas, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Wanda ya ga haka ya garzaya asibitin dabbobi, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Masu awaki da zomaye kuma, Allah ya ba ku haƙuri, naku ya fi tsanani: gubar persin da ke cikin ganye da ɓawon fiya tana taɓa zuciyarsu, har ta kashe. Kada a watsa musu ɓawon a garke.

Mai karatunku,
daga unguwar Yalwa, Bauchi